'Yar Tsegumin Malam Gambo

Kullum da hantsi Malam Gambo mai gyaran rediyo yakan buɗe shagonsa a Yakasai, ya share tebur, ya jera kayan aiki, sannan ya kulle ya fita. Rediyo ta daina lalacewa a garin nan, jefar da ita ake yi. Abin da ke fitar da shi zagayen gidajen da ya maƙala wa na'urarsa ne, lungu-lungu har Dukawuya.

Na'urar ba ta fi akwatin ashana biyu ba. Zoben ƙarfe ne da ya naɗe da siririn zaren tagulla, ya zura wayar wutar gida ta tsakiyarsa. Zoben yana jin yawan wutar da ke wucewa. In ta fi ƙarfin wayar, sai wata ƙararrawa da ya ciro daga tsohon agogo ta kama tsuwwa. Da fari wasa yake yi da tarkacen shago. Ya daina ɗaukar abin wasa ranar da ya ga an fito da katifun maƙwabcinsa sun koma gawayi. Unguwa ta saka masa da abin da ta fi iyawa: ta raɗa wa na'urar suna 'Yar Tsegumi.

Mu mutane ne da ke kiran abin da ke juya fanka da abin da ke cinye gida da suna ɗaya. Hajiya Hauwa mai sayar da ƙanƙara shaida ce. Wata azahar tana tsakar gida ta ji tsuwwa, ta tashi da murna ta jona dutsen guga da hita a kan firiza biyu. Allah ya sa Malam Gambo yana kan zagaye.

"Malam, ashe abin naka har albishir ya iya! Yana kuka na ce an kawo wuta."

"Saura kaɗan a kawo, Hajiya," in ji shi, yana cire filogi. "Irin wadda ba a ɗaukewa."

Da ya ɓamɓare bango, robar wayar ta narke tana ɗiga. Jikokinta biyu suna barci a bayan bangon. Ta yi salati, ta yi godiya, sannan ta tambaya ko za a iya rage wa abin murya.

Malam Gambo, kai ne mai gadin da ba a taɓa ganin ɓarawonsa ba. Wanda ya kashe gobara, ana sa hotonsa a jarida. Kai da ka hana ta tashi, ba ka da ko toka da za ka nuna. Wasu sun cusa wa na'urarka tsumma a baki, ka zo ka cire, ka gaishe su.

Yanzu yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma yana bin sahu. Ba ya ganin inda dalmar liƙe waya ke sauka. Ƙarshen watan nan zai mayar da makullin shago. Na tambaye shi me ke damunsa. Ya ce, "Ba idon ba ne. In na'urar ta yi shiru don lafiya, shiru ne. In ta mutu ma shiru ne. Wa zai bambance?" Shi ya sa yake zagaye: a gefenta akwai ɗan maɓallin gwaji, yana dannawa ya ji tana da rai.

Mun gode, Malam. Allah ya saka, tunda mu ba mu saka ba. Masu digirin lantarki da ke cikin ganuwar nan, akwai benci a shagon, kuma har yanzu bakinsa yana iya bayanin abin da idonsa ya daina gani. Kwana goma sha ɗaya suka rage.

Sauranmu, a tashi a danna maɓallin. Na danna na gidana da safen nan. Shiru.