Saƙon Goggo a Bakin Baƙi'a

Babana yana da wata ɗabi'a: baƙo bai isa ya bar gidanmu na unguwar Harra ta Yamma ba sai an cusa shi a mota an kai shi ziyara. Hanyar ɗaya ce kullum, bayanin ma ɗaya, har mu 'ya'yansa mun haddace inda zai yi gyaran murya. A Madina aka haife shi, kuma yana ji da garin nan kamar shi ya aza harsashinsa.

A farkon shekarun tamanin ƙanwar kakana ta zo aikin Hajji daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja. Babana Goggo yake ce mata, mu ma muka bi bakinsa. Ina da aure a lokacin, amma aka kirawo ni in riƙa kama mata hannu. Tun ranar farko ta raina Hausata, ta ce ina magana kamar mai tuwo da zafi a baki.

Ba yawon buɗe ido ya kawo ta ba. Kakana ya bi ayarin masu zuwa Makka a ƙasa ba da yardar mahaifiyarsu ba, bai kuma koma ba har ya rasu. Da tsohuwar ta zo cikawa, ta ce wa Goggo in Allah ya kai ta, ta tsaya a kan kabarinsa ta gaya masa ta yafe. Saƙon da ta riƙe ke nan shekara da shekaru.

Matsalar ita ce babana bai san kabarin ba. A maƙabartar Baƙi'a ba a rubuta suna, dutse kawai ake ajiyewa, kuma an binne jama'a da yawa bayan kakana. Mata ma ba a barin su shiga. Kunya ta hana shi faɗa mata, sai ya koma ga abin da ya iya.

"Bukura insha Allahu, Goggo," in ji shi, wato gobe. "Yau masallacin Ƙuba tukuna."

Muka je Ƙuba ta yi nafila, muka sayi ganyen na'a-na'a a bakin gonakin dabino. Washegari Uhudu. Bayan nan Anbariyya, inda ya nuna mata masallacin baƙin dutse mai siraran hasumiyoyi, da tsohuwar tashar jirgin ƙasa da Turkawa suka gina. Ya daɗe yana bayani a gaban wani kan jirgi da tsatsa ta cinye. Goggo ta saurara da haƙuri, har tana gyaɗa kai.

"Ɗan nan, ƙarfe ne, na gani," in ji ta. "Ina Yaya yake?"

Na tausaya wa babana a ranar. Wuraren ziyara sun ƙare masa, ga tafiyarta ta matso.

Da hantsi muka tsaya a jikin katangar Baƙi'a, wajen da aka yi tagogi na ƙarfe, inda mata ke leƙawa. Fili ne makeke, ƙasa da duwatsu, sai tattabaru. Na ga babana ya ɗaga hannu zai nuna wani wuri. Da ya nuna, da ta yarda, ba kuma wanda zai ƙaryata shi. Sai ya sauke hannun.

"Wallahi Goggo ban sani ba. Yana ciki, amma ban san inda yake ba. Samihini, ki yafe mini."

Ta dube shi, ta dubi filin. Ba ta yi faɗa ba.

"To da ka faɗa tuntuni, ai da ba ka ƙona man motarka ba."

Ta zare hannunta daga nawa, ta kama ƙarfen tagar. Ta juya fuskarta dama, ta ɗaga murya irin ta mai kiran wani daga gona.

"Yaya, ni ce auta. Inna ta ce ta yafe maka."

Ta maimaita tana fuskantar tsakiya, ta kuma maimaita wajen hagu. Matan da ke kusa, Turkawa da 'yan Pakistan, suka juyo suna kallonta. Babana ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska.

Ta ɗan tsaya kamar mai jiran amsa. Sannan ta laluɓo hannuna.

"Duk inda yake ya ji," ta ce. "Mu je gida, ƙafata ta gaji."