Kafireton Sakiusa da Buhu Talatin na Gwaza

Shekara ashirin da shida Sakiusa yana noman gwaza a tsibirin Taveuni, kuma bai taɓa kai akori-kurarsa wurin makanike ba. Shi ke kwancewa, shi ke ɗaurawa, shi ke zagin motar. Matarsa Merewalesi ta ce da zai kula da ita rabin yadda yake kula da wannan gwangwanin, da ta yi ƙiba.

Ran Litinin ya haƙe gwaza buhu talatin, don jirgin ruwan da ke kai kaya birnin Suva zai tashi ran Alhamis da azahar. In gwaza ta rasa jirgin, ba za ta kai wani makon ba, ruɓewa za ta yi. To a ran Litinin ɗin ne kafireton motar, mai haɗa fetur da iska, ya ga damar fara yoyo. Fetur yana tsiyaya kan injin, wari har cikin kicin.

"Yau kika zaɓa? Yau?" in ji Sakiusa, ya ɗirka wa motar duka.

Ya kwance shi, ya baje a kan tabarma. Kai, abin takaici! Gaskit ɗin da ke hana yoyo ya bushe ƙamas, allurar da ke tsayar da mai ta cinye, ɗan tulun da ke iyo a ciki ya huje ya sha fetur. Ya ɗauko sababbin kayan da ya ɓoye a gwangwanin biskit, ya wanke kowane rami, ya hura da baki har ya ga jiri. Wani ɗan siririn sifirin ya yi tsalle ya faɗa ciyawa, ya yi awa biyu yana rarrafe yana nemansa. Ya ɗaura, fetur ya ɗiga. Ya sake kwancewa. Sai ran Laraba da hantsi injin ya tashi lafiya lau, ko ɗigo babu.

Yana goge hannu sai ga Ilisoni, ɗan ƙanwarsa, ƙato mai furfura, wanda motarsa irin ta Sakiusa ce sak. Ya leƙa injin ya yi murmushi.

"Kawu, hannunka akwai albarka. Nawa kafireton ya mutu tun jiya. Zan ɗauki wannan."

A al'adarsu, ɗan 'yar'uwa in ya ɗora ido kan abu a gidan kawunsa, nasa ne, ba a hanawa. Haka Sakiusa ya taso ya gani, haka shi ma ya taɓa jan saniyar nasa kawun.

"Haba Ilisoni, gwazata fa? Gobe jirgi."

"Kar ka damu, Kawu. In na sauke tawa, ni zan dawo in kwashe taka."

Sakiusa ya ji kamar ya kurma ihu. Amma da hannunsa ya miƙa masa sifana. Ilisoni ya tafa hannu sau uku na godiya, ya naɗe kafireton a tsumma ya tafi.

"Ka ba shi?" in ji Merewalesi. "Sannu, mai kirki!"

"Ki rabu da ni, don Allah."

Ran Alhamis ya jera buhunan a bakin hanya, ya zauna a kan ɗaya. Ilisoni ya wuce sau biyu, maƙare da kayan surukansa, yana hon yana ɗaga hannu. "Saura kai, Kawu!" Rana ta take, sai Sakiusa ya jiyo kukan tashin jirgi daga nesa.

Merewalesi ta fito da babbar tukunya. "Wanne zan fara dafa wa aladunmu?"

Ya tashi daga kan buhun da yake zaune. "Fara da wannan."