Kyamarar Yaya Nasiru ta koma Nowe

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Nasiru, kuma bana ce shekarar farko da na tuna shi ba tare da ƙirjina ya yi nauyi ba.

Aikinsa ɗaukar hoton ƙashi ne a wani asibiti kusa da Woolwich, a London. Yakan ce duk mako yana kallon karaya da targaɗe, don haka ranar hutu sai ya kalli abin da Allah ya yi lafiyayye. Ya sayi kyamara mai tsada, matarsa Maryam ta yi faɗa har ta gaji. A bazararsa ta ƙarshe ya ɗauke ni da ɗansa Imran, mai shekara goma sha uku a lokacin, muka kama hanya da mota tun daga Thamesmead har ƙasar Nowe.

Can teku yake kutsawa tsakanin duwatsu, ya yi tsawo kamar kogi, ruwan shuɗi kuma shiru. Nasiru ba ya wuce lanƙwasa biyu a kan titi bai ce a tsaya ba. Ya kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, ya tsaya jiran gajimare ya gusa, mu kuwa muna cikin mota muna cin burodi da sardin.

A gaban wani ruwa mai zubowa daga kan dutse haƙurin Imran ya ƙare. Sanyi ya kama shi, yunwa ta dame shi. Ya daka wa ubansa tsawa da Turanci, ya ce ya fi son duwatsun nan a kan ɗansa. Nasiru ya naɗe kayansa, muka tafi. Kafin shekarar ta fita zuciyarsa ta tsaya yana wurin aiki.

Daga nan muka rasa Imran, ko da yake yana cikin gida. Ya daina fita, ya daina ambaton ubansa, daga baya ya bar kwaleji. Maryam ta ɗauke hotunan daga bango don kada ya gani. Na yi nasiha, malamai sun yi, ba abin da ya shiga. Tsoron da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne kada mu wayi gari mu rasa shi gaba ɗaya.

A watan azumin bana ya kira ni. "Baffa, na yi booking," in ji shi. "Za ka raka ni Nowe?" Na ce ko yau.

Shi ya tuƙa. Ina ta tunanin me Nasiru zai ce da ya ga wuraren yanzu. Mutane sun yi layi, kowa ya juya wa dutse baya yana ɗaukar fuskarsa da waya, ya wuce. Na san zai yi tsaki, sannan ya karɓi wayar wani ya gyara masa tsayuwa, don ba ya iya ganin hoto a karkace ya yi shiru.

Da muka isa wurin ruwan, Imran ya fito da kyamarar ubansa ya kafa. Ya daɗe a tsaye, feshin ruwa yana jiƙa masa riga. Sai ya ce, da Hausarsa mai tuntuɓe, "Babana ya yi fushi da ni?"

Na gaya masa gaskiya. A waccan ranar, da muka tsaya shan mai, Nasiru ya yi dariya ya ce mini, "Yaron nan ya fi ni gaskiya, yunwa nake ji ni ma." Ban taɓa sanin wannan ce tambayar da ke cinsa ba, da tuni na faɗa. Ya zauna a kan dutse ya yi kuka sosai, sannan ya tashi ya ɗauki hotonsa.

Hotunan Nasiru ba duka ne masu kyau ba, wasu duk hazo ne. Abin da ya bari shi ne yaro mai taurin kai irin nasa, wanda yanzu ya koma karatu kuma yake cin tuwo tare da uwarsa. Da muka shigo London, muna tsaye a fitilar hanya a Woolwich, ya ce, "Baffa, ban taɓa zuwa kabarin ba." Mun je ranar Juma'a, shi ya ja mana addu'ar. Allah ya jiƙan Nasiru.