Makelesi, Mai Kai wa Jama'a Makirfo

Duk ranar da hukuma take da taron jin ra'ayin jama'a, Makelesi Ravuso ba ta iya karin kumallo. Takan haɗa shayi ta bar shi ya huce, ta kama bas ɗin farko daga Nasinu zuwa Suva, babban birni, ta isa zauren taro mai gadi bai gama buɗe tagogi ba. Ita ke jera kujeru. Ita ke gwada makirfo, ta kira sunan jikarta a ciki, ta saurara ko murya tana kaiwa layin baya. Daga nan sai ta tsaya bakin ƙofa tana leƙen titi. In mutane ba su zo ba hankalinta ya tashi, in sun zo da yawa ma ya tashi. Haka ta yi shekara talatin da ɗoriya a hukumar da ke sa ido a kan kasuwar hannun jari da kamfanonin da ke karɓar kuɗin mutane da sunan juya musu, har ƙarshen watan jiya da ta ajiye aiki.

Sunanta bai taɓa fitowa a jarida ba. Doka ta ce kafin hukuma ta kafa wa kasuwa sabuwar ƙa'ida sai ta zauna da jama'a ta saurare su, to wannan zaman shi ne aikin Makelesi. Ta nemo wuri, ta kai sanarwa gidan rediyo, ta tanadi tafinta, in an fara kuma ta riƙa zagawa tana miƙa makirfo ga duk wanda ya ɗaga hannu. A ofis kowa Nei yake ce mata, wato goggo, har waɗanda suka girme ta.

Isikeli, direban hukumar da ya daɗe yana yawo da ita, ya ce bai taɓa ganin ta runtsa a mota ba. "Tun daga Suva har Rakiraki tambaya take yi. In wuta ta ɗauke fa? In dagaci bai sami saƙo ba fa? In gada ta cika fa? Wata rana na ce mata, Nei, in kin gama kashe ni da fargaba, wa zai mayar da ke gida?"

Amma abin da ya sa muka ga ya wajaba a jinjina mata a bainar jama'a shi ne taron Labasa, wani gari a tsibirin arewa.

A shekarar wani kamfani mai kiran kansa Girbin Zinariya ya shiga tsibirin arewa ta wayar hannu. Ba shi da ofis, sai wakilai daga cikin 'yan gari, masu tare mutane bayan an tashi daga coci ko daga wurin bauta, suna cewa kuɗi na ninkuwa kafin a sare rake. Na farko da suka zuba an biya su, suka sayi kwanon rufi kowa yana gani. Sai aka ruɗe. Manoma suka sayar da shanun huɗa, masunta suka sayar da injin kwalekwale. Da hukuma ta bincika ta tarar babu lasisi, babu wata sana'a da ake yi, kuɗin na baya ake ba na gaba. Ta je kotu aka rufe asusun kamfanin.

A Labasa ba haka aka ji labarin ba. Abin da ya bazu shi ne mutanen Suva sun danne kuɗin talakawa ana gab da biya. Aka farfasa gilashin motar hukuma a bakin kasuwa. Ana cikin haka hukuma ta tsara sabuwar ƙa'ida a kan irin waɗannan kamfanoni, kuma dole a yi zaman sauraron jama'a kafin ta fara aiki.

Shawarar da aka kawo a ofis ita ce a yi zaman a wani otal a Suva, mutanen arewa su bugo waya. Mataimakin shugaban hukuma, Dhiren Chand, shi zai jagoranci taron. Makelesi ta bari kowa ya fita sannan ta tsaya gaban teburinsa.

"Yallaɓai, waɗanda za su zo otal lauyoyi ne da ma'aikatan banki. Su ba su rasa komai ba."

"Na sani, Nei. Amma kin ga abin da aka yi wa motarmu. In na kwashi ma'aikata na kai su aka fasa wa wani kai, me zan gaya wa matarsa?"

"Ban sani ba, Yallaɓai. Ni ma tun da na fara tunanin abin nan nake jin tsoro. Akwai kuma abin da ya kamata ka sani. Ƙanena Peniasi yana cikin wakilan da suka shigar da mutane. In ka ga bai dace ni in je ba, a tura wani. Amma a je."

Daga baya Chand da bakinsa ya gaya mana cewa ya so ya ce a'a, sai ya rasa dalilin da zai faɗa wanda ba tsoro ba. Ya ce mata ta je ta shirya.

Ta riga kowa shiga jirgin ruwa. Ta bi ƙauyuka da ƙunshin saiwar kava, wadda ake jiƙawa a sha a zaman manya, tana kai wa dagatai gaisuwa, ta zauna da dattawan manoman rake, ta zauna da matan coci. Wasu gidajen an ba ta tabarma, wasu ko ruwa ba a ba ta ba. A ƙarshe ta je gidan ƙanenta. Peniasi masunci ne, kuma yakan yi wa'azi a cocin ƙauyensu in fasto ba ya nan. Ta same shi a bayan gida kusa da kwalekwalensa, wanda ke kife babu inji.

"Yaya, kun rufe kuɗin mutane, yanzu kin zo ki ga yadda za su cinye ni?"

"Na zo in ce maka ka zo taron."

"In kai musu kaina ke nan."

"In ba ka zo ba, nan za su biyo ka, inda matarka Unaisi da yara suke. A can aƙalla ina wurin."

Ta fito tana tambayar kanta ko ta kira ɗan'uwanta ne zuwa inda za a karya shi. Isikeli ya ce tun daga ƙauyen har gari ba ta yi masa tambaya ko ɗaya ba, kuma ranar ce ya gane abin ya kai inda ya kai.

An yi taron da rana a zauren wata makaranta, bayan ruwa ya ɗauke ya bar zafi mai danƙo. Zaure ya cika, mata suka jeru a tagogi ta waje. Maza da yawa daga gona suka taho da addunansu a hannu. Makelesi ta roƙi 'yan sanda su tsaya ƙetaren titi, ita kuma ta tare ƙofa tana gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Ɗana, ajiye addar a gindin mangwaro, ba mai taɓa maka." Wani ya ce da ita hukuma ma haka ta ce game da kuɗinsu. Aka yi dariya marar daɗi, amma aka ajiye.

Chand bai yi nisa da bayani ba wani ƙaton manomin rake mai suna Bissun Deo ya miƙe yana ɗaga murya. Makelesi ta ratsa kujeru ta nufe shi, ta miƙa masa makirfo.

"Ba na buƙata. Muryata ta isa."

"Ta isa nan gaba, ɗan'uwa. Matan da ke taga ba sa jin ka."

Ya karɓa. Da ya ji muryarsa ta cika zauren sai ya sassauta ta da kansa. Ya faɗi yadda ya sayar da shanunsa don 'yarsa ta shiga makarantar jinya. Ya tambayi hukuma inda take lokacin da tallan ke shigowa wayar kowa safe da yamma. Chand ya ce sun makara, ba zai ɓoye ba. Sannan ya faɗi abin da ba wanda ya zo don ya ji: abin da aka tarar a asusun kaɗan ne, mafi yawan kuɗin sun bar ƙasar tun kafin a rufe, kuma ba zai yi musu alkawarin dawowarsu ba.

Sai wani daga tsakiya ya ce, "To wa ya kawo mana su?"

Kawuna suka juya baya. Peniasi yana tsaye jikin bango kusa da ƙofa, ya shigo bayan an fara, Makelesi ba ta ma gan shi ba. Kujeru suka fara ƙara, maza suna miƙewa. Makelesi ta karɓi makirfo daga hannun Bissun ta kama tafiya, ba gudu ba, tana cewa a ba ta hanya, a ba ta hanya, har ta riga su isa. Ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi. Ta kai makirfon bakinta.

"Wannan ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ku san da haka kafin ya buɗe baki. A taron nan wanda makirfo ke gabansa ba a katse shi. Bissun ya faɗi tasa, ba wanda ya katse shi."

Bissun ne ya ce daga inda yake, "Ku bar shi ya faɗa."

Peniasi ya kasa riƙe makirfon, ita ta riƙe masa. Ya ce bai taɓa ganin masu kamfanin ido da ido ba, a waya kawai suke magana. Ya ce an ba shi la'ada, ya karɓa, ya haɗa da kuɗin injinsa ya mayar ciki. "Na tsaya a gaban coci na ce muku abu ne mai kyau. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba."

Wata tsohuwa mai suna Torika ta ɗaga hannu daga taga. Makelesi ba ta so ta bar gefen ƙanenta ba, amma hannu ne aka ɗaga, sai ta je ta miƙa makirfo ta tagar. Tsohuwa ta ce ita ba ta san wani kamfani ba. Peniasi ta ba kuɗinta, don ta san uwarsa. "In za ku rubuta doka, ku rubuta a kan wanda ke zuwa ƙofar gida yana kiranka da sunanka."

An ci gaba har rana ta yi sanyi. An yi kuka, an yi zagi, amma ba a taɓa kowa ba. Da aka watse, Isikeli ya tarar da Makelesi zaune a matakalar bayan makaranta, ya raka ta zuwa mota.

Ba za mu ƙawata abin da ya biyo baya ba. Ɗan abin da aka raba wa mutane bai kai ya mayar wa Bissun shanunsa ba. Ƙa'idar da a da ta tsaya a kan kamfanoni, bayan taron an faɗaɗa ta ta haɗa da wakilai, yanzu ba mai zagawa gida-gida yana tara kuɗin jari sai da lasisi. Shi kuwa Peniasi, maganar da ya yi a gaban jama'a ita ta sa aka kira shi bincike. Ba a ɗaure shi ba, amma coci ta sauke shi daga wa'azi, kuma tun daga ranar bai sake yi wa yayarsa magana ba. A walimar ajiye aikinta bai zo ba. Matarsa Unaisi ce ta zo da kwandon gwaza da gasasshen kifi, ta ce shi ya ce a kawo, bai ƙara da komai ba.

Nei Makelesi, ke ce kika tsaya tsakanin hukuma mai jin tsoron jama'a da jama'a masu fushi da hukuma, alhali kin fi kowa a zauren jin tsoro. Ke ce kika faɗi alaƙarki da Peniasi tun ba a tono ba, a ofis da kuma gaban mutane. Kunnen talakawa, ba ki taɓa zaɓar wanda za ki miƙa wa makirfo don maganarsa za ta yi daɗi ba, ko da maganar a kan gidanku za ta faɗo.

Muna wannan jinjina ne hankalinmu ba a kwance ba. Ana ta maganar mayar da tarukan nan kan waya da kwamfuta don rage kashe kuɗi, ga kuma sababbin kamfanoni suna ta shigowa da alkawura masu zaƙi. A tsibiran da sai ka hau tudu kafin waya ta kama, ba mu san wa zai ji muryar irin su tsohuwa Torika ba. Ga matasan da suka gaji aikin nan, muna roƙon ku ku shiga jirgi ku je inda mutane suke, ko da gabanku na faɗuwa. Mu ma sauran jama'a, in mun ji sanarwar taro a rediyo, mu bar abin da muke yi mu je, tun kafin asara ta kai mu.

Mun gode, Nei. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya daidaita tsakaninki da ɗan'uwanki. A wata mai zuwa hukuma za ta zauna da jama'a a tsibirin Taveuni kan kuɗin fansho. Makelesi ta ce za ta biya wa kanta kuɗin jirgi ta je, ta zauna a cikin mutane, kuma a karon farko a rayuwarta ita ma za ta ɗaga hannu.