Fitilu Biyu na Amidu Baduku

Ranar da Amidu ya faɗa rami, tun la'asar hadari ya taso daga wajen teku ya rufe Lome, ruwa bai sauka ba, gari kuma bai washe ba. Ya rufe rumfarsa ta kusa da babbar kasuwa, ya ɗaure jakunkuna da takalma a bayan babur, ya kama hanya. Lokacin an riga an tashi tsohon Zongo an kai mutane can arewacin gari, har da su Amidu, hanya doguwa ba fitilar titi. Idonsa kuwa ya fara dundumi. Bai ga ramin ba sai da ya ji shi ciki.

Matarsa Adjara tana gasa masa gwiwa da ruwan gishiri ta ce, "Malam, babur ɗin nan sayar da shi za a yi. Yaya Aboubakar ya daɗe yana sonsa."

Amidu baduku ne, ɗan baduku, kuma masu sayen kayansa duk a cikin gari suke. In ba babur, ba rumfa. Ya ce, "Fitila ce ta yi kaɗan. Zan ƙara ɗaya."

"In ba ta haska ba fa?"

"A sayar."

Akwai wani makanike a unguwar Bè, Fo Komlan, ɗan ƙabilar Mina mai jin Hausa tsaf. Shi ya lanƙwasa ƙarfe ya ɗaura a gaban babur, ya jera fitilu biyu a kai. Suka kama fes. Sai dai a hanya ƙarfen yana ta ƙara, kacau-kacau, yana cin fenti. To Amidu mutum ne da ba ya iya ganin ƙarfe yana gugar ƙarfe. Hannun butarsa fata, rediyonsa fata, har marfin tukunyar Adjara ya taɓa yi wa fata. Da safe ya kwance ƙusoshin, ya yanka fata siririya, ya rina ta baƙa, ya shimfiɗa ta ko'ina ƙarfe ya taɓa ɗan'uwansa, har ƙarƙashin ƙusa. Ƙara ta ɗauke. Ya kuma sayi sarƙa da kwaɗo, duk inda ya tsaya sai ya zagaye ƙarfen fitilun da wuyan babur ya kulle, kada a kwance masa su.

Da yamma ya cire sarƙa, ya taka babur, ya murɗa makunni. Duhu. Ya lallaɓa bayan wata babbar mota har gida. Adjara ta gan shi ya shigo ba haske, ta ajiye masa tuwo.

Washegari ya koma Bè, ya kafe babur, ya kulle sarƙarsa, ya ce fitilu sun mutu. Komlan ya tada injin a nan inda yake. Fitilu biyu suka kama har suna kashe ido.

"Papa, waɗannan ne suka mutu?"

"Jiya sun mutu."

"To yau sun tashi, ka gode wa Allah."

Haka aka yi ta yi. A wajen Komlan haske, a hanya duhu. An canja ƙwan fitila, an canja makunni, an fere waya an sake naɗewa. Amidu ba ya barin kowa ya hau masa babur, don haka Komlan bai taɓa fita da shi ba. Ya fara tsokanarsa: "Papa, ko dai idon za mu buɗe mu duba wayarsa?" Amidu ya yi dariya, amma maganar ta zauna masa. Ya shiga tsayar da masu tafiya a ƙasa yana tambaya, "Bawan Allah, fitilar nan tana ci?" Su duba su ce ba ta ci. Ya rasa ko daɗi zai ji ko baƙin ciki. Har ya yi zaton iskar teku fitilun suke so, tunda Bè ta fi kusa da ruwa.

Ranar da Aboubakar zai zo ɗaukar babur da magariba, Amidu ya sake biyawa Bè, don dai kada ya ce bai gwada ba. Injin yana ci, fitilu suna haske, sai ruwa ya ɓarke. Komlan ya ce a tura shi cikin rumfa. Amidu ya buɗe kwaɗo ya zare sarƙa, fitilu suka mutu. Ya mayar, suka kama. Ya zare, suka mutu. Suka tsaya suna kallon juna ruwa yana dukansu.

Komlan ya kwance ƙusa ɗaya, ya zaro fata, ya ɗaga ta sama.

"Wannan fa?"

"Don ƙara ne."

"Papa, ka yi wa fitila takalmi. Ka kashe mata mas, wato mahaɗarta da jikin babur. Wuta in ta shiga, sai ta bi ƙarfe ta koma. Ka toshe mata hanya, sarƙar nan ce take bi."

"Ta koma ina? Ni gaba nake so ta tafi."

Komlan ya sake bayani da yaren Mina, ya sake da Faransanci. Amidu yana gyaɗa kai. Fatar kuwa ya ce ba za a cire ba, aiki ne mai kyau. Sai Komlan ya jawo guntun waya daga fitilun ya ɗaure a jikin babur, aka zare sarƙa, haske ya tsaya. Duk da haka Amidu ya mayar da sarƙar, ya tafi da ita a rataye.

Aboubakar yana zaune a ƙofar gida ya hango haske biyu, ya ɗauke tabarma a zatonsa mota ce. Adjara ta leƙo, ta duba fitilun, ta duba mijinta.

"Me ya same su da?"

"Wai wuta ce ba ta samu hanyar komawa ba."

"Komawa ina?"

"Ni ma na tambaya."

Aboubakar ya ci tuwo ya tafi a ƙasa. Amidu ya ci gaba da zuwa rumfarsa shekaru masu yawa, bai taɓa hawa ba sarƙa ba. Yanzu ido ya tafi gaba ɗaya. Yana unguwar Agbalépédo wajen 'yarsa Kadidja, babur ɗin yana jingine a bayan ɗakin girki, da sarƙarsa.