Saude da Kaskon Surukinta

Duk wanda ya san Saude ta Turba ya san matsoraciya ce, ita ma kuma ba ta taɓa musu ba. Tana tsoron tsawa, tana tsoron jakin da ba ta sani ba, ko dogari ta hango sai ta sake hanya, alhali ko allurar wani ba ta taɓa ɗauka ba. Gajera ce mai saurin tafiya. Ta haifi shida ta binne biyar, mijin ma ya bi su. Auta kaɗai ta tsaya mata, wato Habi, ita kuma aka aurar da ita ga wani Bafillace mai suna Yero, wanda rugarsu ke bayan gari. Daga Isa, inda Saude ta koma da zama, zuwa rugar nan ba nisa, ran kasuwa Habi kan shigo da ƙwaryar nononta su yini tare. Wannan yinin shi ne duk daɗin duniyar Saude.

Fura take sayarwa a bakin asibitin En'e, wato na hukumar sarki, lokacin da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama. Malam Wada, malamin asibitin, yana neman macen da za ta riƙa shiga wajen mata, sai ya zaɓe ta. Aka tura ta Sakkwato koyon aiki ta yi 'yan watanni, ta dawo da farin kallabi. Mutanen gari suka sha dariya, wai matar da ke gudun ƙadangare ita ce za ta tsaya a kan marar lafiya. Malam Wada dai ya san abin da ya gani. Ya ce jarumi yakan yi gyangyaɗi, matsoraci kuwa idonsa biyu.

Ana haka aka shiga bazarar sanƙarau. Mutum zai tashi lafiya, kafin la'asar wuya ya ƙage, kai ya koma baya. Aka kakkafa rumfunan zana a bayan garin Isa, aka riƙa kwaso marasa lafiya. Likita Bature ya aiko da wata farar ƙwaya daga Sakkwato, kuma a faɗi gaskiya ƙwayar tana aiki, ta tashi mutane da yawa da aka riga aka fid da rai da su. Sai dai tana da sharaɗi. Ruwa take so, mai yawa. In ba ta samu ba sai ta kwanta a ƙoda kamar yashi, ta toshe hanyar fitsari. Saude ta ga haka da idonta a kan wani maƙeri daga Kurawa, Kalilu. Wuyansa ya saki, har ya nemi tuwo, danginsa suna murna. Sai fitsari ya ɗauke, jiki ya kumbura, aka fitar da shi a makara. Tun daga ranar tsoron ƙwayar ya fi tsoron cutar yawa a zuciyarta.

Saboda haka aikinta ya koma tulu da kasko. Ta ɗura wa mutum ruwa har ya roƙe ta don Allah, da safe kuma ta bi rumfa rumfa tana ɗaga kasko ga hasken rana, ta duba yawan abin da ke ciki, ta duba ko akwai ja, ko akwai tsaki-tsaki a ƙasa. Ba ta yarda da "na yi, na zubar" ko daga bakin limami ne. Aka sa mata Saude mai kasko. Sunan ba daɗi, amma tana amsawa.

Rumfunan maza Na'Allah ne ke kula da su, abokin aikinta. Da cutar ta tsananta a Gatawa sai Malam Wada ya tafi da shi can, ya bar wa Saude maza da mata. Kafin ya hau kekensa ya sake jaddada mata: in fitsari ya tsaya, a tsayar da ƙwaya, a ba da ruwa da ɗan jiƙon kanwa, a gasa ƙugu da ruwan ɗumi. Ta ce to.

Ƙurar kekensa ba ta gama kwantawa ba aka shigo da Yero a kan takarkari, wansa Jibrilla na tallafe da shi. Habi tana da tsohon ciki, an hana ta biyo su.

To, kowa ya san abin da ke tsakanin suruki da suruka. Tun da aka ɗaura auren nan Yero bai taɓa haɗa ido da Saude ba. In ya hango ta a hanya sai ya tuɓe takalmi ya ratse daji, ya durƙusa can nesa ya gaishe ta da murya ƙasa-ƙasa. Bai taɓa kai ko ƙwayar gyaɗa baki a gabanta ba. Kunyar Bahaushe ce aka ɗora wa fulako, kunyar Fulani, a kai. Ita ma a nata ɓangaren ba ta kiran sunansa, sai dai "mai shanu". Yanzu ga shi kwance a rumfarta, ga tulu, ga kasko.

Jibrilla ne ya kawo mafita. Ya ce, "Inna, ki tsaya daga waje. Ki miƙo mani magani da ruwa, ni za ni ba shi. Kasko ko ni ad da shi."

Wayyo, da ma ba ta yarda ba. Amma ta yarda, har da ajiyar zuciya. Matar da ba ta karɓar maganar limami ta karɓi ta Jibrilla, don kawai a raba ta da kallon abin da ido bai kamata ya kalla ba. Kullum ta cika tulu ta ajiye a bakin rumfa, in ta dawo ta tarar babu ko ɗigo. Kullum ta tambaya daga bayan zana, Jibrilla ya ce, "Lahiya lau, Inna, ya yi, na zubas." Wuyan Yero ya fara saki, zazzaɓi ya sauka. Har ta aika wa Habi da albishir.

Wata rana da hantsi ta zaga bayan rumfar neman itacen hura wuta, sai ta ji gunjin ƙudan zuma. Sun yi dandazo a kan wata jiƙaƙƙiyar ƙasa a gindin zana. A bazara irin wannan, da ko kare ba ya samun inda zai lasa, me ya jiƙa wurin haka? Ta duƙa, duk da tsoron harbi, ta dangwalo ƙasar ta sansana. Babu zarni. Ruwa ne tsabtatacce, ruwan rijiyar da take ɗaukowa a kanta.

Ta kira Jibrilla da muryar da ita kanta ba ta san tana da ita ba.

"Ka hwaɗa mani gaskiya tsakaninka da Allah. Ina ruwan da ni ka kawowa ka zuwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba shi sha, Inna. Sai ɗan abin haɗiye magani. Cewa yay yi in ya sha za shi buƙaci kasko, ke ko kina nan kusa, zana ba ta tare ƙara. Yac ce gara ƙishirwa."

"Rabonai da hitsari hwa?"

"An kwan biyu."

Fuskar Kalilu maƙeri ce ta faɗo mata, yadda ta kumbura har idanu suka shige. Ta tuna Habi da cikinta, ta tuna kaburbura biyar da na shida a Turba. Malam Wada yana Gatawa, ko yanzu aka tashi ɗan aike ba zai iso yau ba. Ta tsaya a bakin rumfar, tsoron shiga da tsoron ƙin shiga suna kokawa a ƙirjinta. Daga ciki ta ji wani nishi da ake ƙoƙarin dannewa. Ta ɗaga zana ta shiga.

Yero na ganin inuwarta ya ja mayafi ya rufe kai, ya juya ga bango. Ta yaye mayafin. Fatar idonsa ta tasa, leɓɓansa sun tsattsage, hannunsa na dafe da ƙugu. Ta danna mararsa yadda aka koya mata, ya yi ƙara, rabi don ciwo rabi don abin da ya fi ciwo. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora kansa a kan cinyarta, ta ɗebo ruwa da ludayi.

"Buɗe baki."

Ya datse haƙora.

"Yero," in ji ta, karo na farko a duniya, "na bizne biyar. Ba ni bizne mijin ta shida don kunya. Buɗe baki, ko in toshe maka hanci awa jinjiri."

Ya buɗe. Yana sha hawaye na gangara cikin kunnensa, ita ma nata na ɗiga a goshinsa. Jibrilla ya kasa kallo, ya fita ya hura wutar ruwan gashi.

Da lokacin magani ya yi ta zubo ƙwayoyin a tafin hannu ta tsura musu ido. In ta ba shi, ta ƙara wa ƙoda yashi. In ta hana, sanƙarau na iya dawowa, a ce ita ta kashe shi da hannunta. Ta ƙulle su a bakin zane, ta ci gaba da ludayi. Ruwa, jiƙon kanwa, gashi, ruwa. Tana yi tana taɓa wuyansa ta ji ko ya fara ƙagewa, tana leƙa kasko ta gan shi a bushe ƙayau. Ta bar sauran rumfuna a hannun masu jinyarsu, ta riƙa leƙa su a guje tana dawowa. Duk addu'ar da ta sani ta karanta, har da ta shiga kasuwa.

Sai washegari da rana ta ɗaga Jibrilla ya fito da kasko a hannu biyu. Ɗan kaɗan ne, ja, da tsaki-tsaki a ƙasa. Amma ya zo.

A nan ne bakin Saude ya yi mata abin da cuta ba ta yi ba. Ta fizge kaskon, ta fito tsakiyar fili, ta ɗaga shi ga rana, ta rangaɗa guɗa. "Ya yi! Jama'a, Yero ya yi hitsari!" Rumfuna duka suka ji. Masu jinya suka ji, 'yan Fulanin da suka zo dubiya suka ji. Wasu suka yi hamdala, wasu suka toshe baki suna dariya. Kafin ran kasuwa labari ya kai kowace ruga tsakanin Isa da Sabon Birni, har samari sun sa shi a waƙar kiwo.

Yero ya warke sarai. Ranar da aka sallame shi ta bayan rumfa ya fita. Da ruwan farko ya sauka ya kora shanu arewa, ƙasar da Faransa ke mulki, kamar yadda ya saba kowace damina, sai dai wannan karon ya ɗora Habi a kan takarkari ya tafi da ita. Saude ta ce ai da kaka za su dawo. Ran kasuwa takan zauna a bakin asibiti tana duban masu ƙoren nono ɗaya bayan ɗaya.

Aka yanke gero, aka yanke dawa. Sai ga Jibrilla shi kaɗai, yana jan wata jar karsana. Ya durƙusa ya miƙa mata igiyar.

"Yac ce a kawo maki. Yac ce bayan Allah ke ta. Habi ta sauka lahiya, ɗiya mace, sunanki anka sa mata. Shi ko ba shi iya hwaɗinai, Inna shi ka ce mata."

Saude ta riƙe igiyar. "To, yaushe za su kawo mani ita in gani?"

Jibrilla ya daɗe yana tonon ƙasa da ɗan yatsa.

"Inna, yac ce ya gode har abada. Amma ƙasar da za shi gamuwa da ke kan hanya, ba shi iya zamanta."

Saude ta yi aikin asibiti har Turawa suka tafi. Karsanar ta hayayyafa a bayan ɗakinta. Jikar tata kuwa, labarinta kawai take ji a bakin fatake, wai ta yi wayo, wai gajera ce mai saurin tafiya.