Injiniya Kallamu da Injin Casar Bakin Fadama

Da an idar da sallar asuba, Injiniya Kallamu kan ɗaure akwatin na'urarsa a bayan babur ya kama hanyar ƙauyuka. Aikinsa auna fandisho ne, wato harsashin gini. Duk inda za a girka babban inji a ƙasa mai laushi, akan kafa turakun kankare can ƙarƙashi su riƙe ginin. Shi ke gano ko turakun za su tsaya ƙyam idan inji ya tashi, da yadda ƙasar ke shanye girgizar kafin ta isa gidajen mutane. A watan nan ya yi ritaya.

Mutanen wani ƙauye kusa da Makoda ba za su manta da shi ba. A shekarar da tsadar abinci ta kai intaha, ƙungiyar manoma ta girka injin casar shinkafa a bakin fadama. Ba a jima ba bangon ɗakin Inna Barira, maƙwabciyar wurin, ya tsage. Dagaci ya ce a rufe injin. Rufewar na nufin a koma kai shinkafa Kano, ga mota ta gagari talaka.

Da Kallamu ya zo, wajen tsohuwar ya fara shiga.

"Ɗana, in injin nan ya tashi, kwanukana har rawa suke," in ji ta. "Nan jikokina ke kwana. Amma kar a ce don ni aka hana gari cin abinci."

"Inna, ba za ki bar ɗakinki ba, kuma ba za a rufe injin ba, in Allah ya yarda."

Ya liƙa na'urarsa a jikin fandishon, ya sa Mati mai kula da injin ya riƙa ƙara wuta yana ragewa. Nan ya gano akwai wani gudu da in injin ya kai shi, girgizarsa kan dace da lilon turakun, abin ya ninku. Damina kuma ta jiƙa ƙasar, riƙonta ya ragu. Ya ce a ƙara turaku ta ɓangaren fadama, a ƙara wa kankaren nauyi, a daina barin injin a wannan gudun. Manoma suka kawo tsakuwa a amalanke, shi kuma ya naɗe wando ya shiga kwaɓi da su har aka gama.

Ranar da aka sake tayar da injin, Mati ya aika a tambayi Inna Barira. Ta ce ƙara dai tana ji, amma ƙasa ba ta motsa ba. Ta haɗo ɗan aiken da shinkafarta a fara casa mata.

Injiniya, kai ne turken da ba a gani, alhali kai ke riƙe da gini. Aikinka duk yana binne a ƙasa, ba allon da ke ɗauke da sunanka. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu tasowa a wannan fanni, in an kira ku aiki, ku fara shiga ku gaida mai ɗakin da ya tsage.